Tambayoyi da amsoshi kan riƙon tsofaffinmu a Katsina da Daura

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa duk inda aka taɓo zancen iyaye da kakanni, a majalisa ne, a gidan suna ne, ko a layin banki ranar da fansho ya shigo. Wasu amsarsu gajera ce, wasu kuma sai an ɗan yi haƙuri da ni.

Wai mu ma muna da matsalar yawan tsofaffi? Ai yara ne suka cika ko'ina.

Gaskiya ne, in ka tsaya Ƙofar Ƙaura ko bakin kasuwar Daura lokacin tashin makaranta yara za ka gani kamar me. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a jihar Katsina tana haihuwar 7.3 a matsakaici, mu ne kan gaba a ƙasar, alhali na Najeriya gaba ɗaya 5.3 ne. Masu shekara 60 zuwa sama a ƙasar nan wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai. To amma kashi 5 na mutum sama da miliyan 200 fa, ka ga ana maganar mutum miliyan goma da wani abu kenan, kuma ƙaruwa suke yi kullum. Yaran nan da suka cika titi su ne tsofaffin gobe, duk tare za su tsufa.

Kuma kar ƙididdigar nan ta "ɗan Najeriya shekara hamsin da 'yan kai yake yi" ta ruɗe ka, mutuwar jarirai ce take jan lissafin ƙasa. Wanda ya kai 60 galibi yana ƙara sama da shekara goma, wani ashirin, kuma shekarun nan su ne na hawan jini da suga da ciwon gwiwa da yanar ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma akasarinsu a ƙasashe irin namu za su kasance, ba Turai ba.

Mu Musulmi ne, Hausawa, ba ma yasar da iyaye. Me ya kawo maganar tsari?

Ba wanda ya ce mun yasar. Ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "uffan" in sun tsufa, yaro ɗan Islamiyya ma ya haddace ta. Niyya muna da ita. Abin da ya rushe shi ne gidan da niyyar take aiki a cikinsa.

Da can gandu ake. Uba da 'ya'yansa maza da matansu gida ɗaya, gona ɗaya, rumbu ɗaya, in tsoho ya gaza babban ɗa ya karɓi ragama, tsoho yana zaure yana ba da shawara, tuwonsa na zuwa, ga jikoki ana aike. Yanzu gonar an raba ta gado har ta zama ba ta ciyar da gida ɗaya, babban ɗan yana Legas ko Abuja yana acaɓa ko gadi, na biyun yana haya ɗaki biyu a Katsina, matan suna gidajen aurensu. Wa ya rage? Galibi mace ɗaya. Ko matar ƙaramin ɗan, ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jika budurwa da aka cire daga makaranta "ta zauna da Kaka". Ita ke wanki, ita ke kai bayi, ita ke tashi tsakar dare, kuma in an zo gaisuwa ɗan da ya turo dubu goma ta waya shi ake sa wa albarka. Wannan ne tsarin kula da tsofaffin da muke da shi a zahiri, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin magani da na mota suka yi sama, aljihun ɗan ma ya fara gazawa. Shi ya sa nake cewa a zauna a tsara, a daina barin abin ga wanda ya fi kunya.

Mu bakwai ne wajen Inna amma ni kaɗai ke ɗawainiya. Ya zan yi ba tare da zumunci ya lalace ba?

Ɗan'uwa, zumuncin ya riga ya fara lalacewa ai, a cikinka yake ruɓewa ba ka faɗa ba. Ka kira zama, kuma kar kai ka jagoranta, a samu kawu ko baffa ko goggo da kowa ke jin nauyinsa. A zo da takarda. A rubuta abin da Inna take ci a wata: hatsi, cefane, maganin hawan jini, kuɗin zuwa asibiti, sabulu da omo, pampas in ana sawa, har goro da kuɗin da take ba jikoki don wannan ma mutuncinta ne. Da yawa 'yan'uwa ba rowa ce ta hana su ba, ba su taɓa ganin jimillar ba ne, suna zaton buhun shinkafar azumi ya wadatar.

Sannan a raba gwargwadon hali, ba daidai wa daida ba. Mai albashi kuɗi, manomi hatsi, wanda ba shi da ko ɗaya ya ɗauki kwana, ko kai ta asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A buɗe guruf a WhatsApp na 'ya'ya zalla, duk abin da aka kashe a ɗauki hoton rasit a saka, don ranar da za a ce "ina kuɗin da muke turowa" tana nan tafe.

Abu ɗaya da nake nacewa a kai, a sa wa mai jinyar nata kason a cikin lissafin. In matarka ce, ka sani malamai da yawa sun bayyana cewa hidimar surukai kyautatawa ce daga gare ta, wajibin a kanka yake kai ɗan. A ba ta wani abu duk wata, a ba ta ranar hutu ta je gidansu, a riƙa yi mata godiya a gaban mutane.

Wa ke samun fansho, kuma me ya sa ake ta kuka da shi?

Wanda ya yi aikin gwamnati ko babban kamfani. A ƙa'ida ma'aikaci yana ritaya in ya kai shekara 60 ko ya yi 35 yana aiki, malaman makaranta an ɗaga musu zuwa 65 ko 40 a dokar tarayya ta 2022, farfesoshi 70.

Tsari biyu ne. Tsohon, gwamnati ce ke biyan garatuti da fansho daga baitulmali, in wata ya zo da kuɗi a biya in babu a jira, kuma tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke kansa hukumar PTAD ke riƙe da su. Sabon ya zo da dokar 2004 da aka sake a 2014, ana cire kashi 8 na albashin ma'aikaci, mai aikin ya sa kashi 10, a zuba a asusu mai sunanka wajen kamfanin fansho, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa dokar jiharsu ce ke aiki a kansu.

Kukan kala biyu ne. Na farko jinkiri, mutum ya ajiye aiki ya daɗe bai ga garatuti ba. Na biyu tsadar rayuwa ta cinye kuɗin. Tsarin mulki sashe na 173 da na 210 ya ce a duba fansho duk shekara biyar ko duk sanda aka ƙara albashi, amma in aka ƙara mafi ƙarancin albashi, kamar yadda aka kai shi naira 70,000 a 2024, sannan ba a taɓa na ɗan fansho ba, to an rage masa ne a fakaice. Sai kuma tantancewa, a tara dattawa a rana da fayil a hannu don a tabbatar suna raye. PTAD dai ta fito da hanyar yi ta waya da hoton fuska, jika mai wayar Android zai iya taya Kaka daga ɗaki, ya kamata kowa ya koma haka.

Baba manomi ne, bai taɓa aikin gwamnati ba. Shi fa?

Shi ne mafi yawa, kuma shi ne babu komai a ƙasa dominsa. Manomi, maƙeri, mahauci, mai tireda, mai ƙuli-ƙuli, fanshonsu 'ya'yansu ne da ɗan abin da suka tara, gona ko shanu ko gida.

A watan Maris 2019 an ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, ka riƙa zuba abin da ya sawwaƙa kullum ko duk sati ko wata. Yadda aka fara shi, kashi 40 kana iya cira in buƙata ta taso, 60 sai tsufa. Masu gudun riba kuma, tun 2021 akwai asusun fansho da ba ruwansa da kuɗin ruwa, sai ka tambayi kamfanin fansho ko kana iya shiga. Amma wannan na mai sauran ƙarfi ne. Baba mai shekara 70 ya wuce nan. Abin da za ku yi masa shi ne ku hana a sayar da gonarsa don bikin wani, a ba da ita aro ko haya amfanin ya riƙa shigo masa, yana raye dukiyarsa ce ba gado ba.

Asibiti ne ke cinye mu. Akwai wani sauƙi?

Akwai, sai dai ba ya zuwa ya same ka a gida. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma tsofaffi marasa ƙarfi suna cikin waɗanda ake yi wa rajista kyauta a ƙarƙashinsa. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta 2022 ta ma wajabta inshorar lafiya. A jiha hukumar KTSCHMA ce ke wannan aikin. Jihar tana da mazaɓu 361, manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibitin da ke cikin shirin, don haka ka je na mazaɓarku da lambar NIN ta tsohon ka tambayi yaushe ake rajista, guraben ba su da yawa, wanda ya bibiya shi ke samu.

Sauran sauƙin a hannunku yake. Na'urar awon jini ta gida ba ta kai kuɗin jinya a gadon asibiti ba. Maganin hawan jini ba a daina shi don "ya ji sauƙi", yawancin shanyewar ɓarin jiki da muke gani hawan jini ne ke kawo ta. Kuma a daina haɗa wa tsoho maganin ciwon jiki na kemis kala uku kullum, yana cin ƙoda yana tsokano olsa. Yanar ido kuwa aiki ne ɗan ƙarami, tsoho ya koma ganin hanyar masallaci da kansa, kar a bari mai sakiya ya taɓa idon.

Likitocin da suka ƙware kan tsofaffi zalla ƙalilan ne a ƙasar, cibiyar farko ma sai 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Mu nan likitan kowa da kowa ne zai duba, to ku riƙa tafiya da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya a nuna.

Goggo ta fara surutai, tana cewa an sace mata kaya, tana fita da dare. Wasu na cewa aljanu ne, wasu har maita.

Subhanallahi, a bar maganar maita. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ke yinsa ba. Alamarsa kenan: ta manta ta ci abinci ta ce an hana ta, ta ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa ta manta ta ce surukarta ta ɗauka, ta kira ɗanta da sunan ƙaninta da ya rasu, da la'asar ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gida alhali tana gidan.

Hajiya, kar ki yi musu da ita. In ta ce an sace, ki ce "mu duba tare Goggo". In ta ce za ta gida, ki ce to bari a sha fura tukuna, kafin a gama ta manta. A sa sakata sama inda hannunta ba ya kai, a ɗauke ashana da wuƙa da magani, a rufe rijiya, a ɗinka 'yar takarda mai lambar waya a gefen zaninta, a gaya wa maƙwabta da mai unguwa. Addu'a a yi, asibiti ma a je. In kuma ruɗewar dare ɗaya ta zo, jiya lafiya yau ba ta gane kowa, wannan a gaggauta, sau da yawa ciwon fitsari ne ko zazzaɓi ko suga, ana magani ta dawo daidai.

Yana kwance ba ya tashi. Me ya fi muhimmanci?

Juyi. Duk awa biyu a juya shi, in ba haka ba ƙugu da duwawu da diddige su yi gyambo, kuma gyambon kwanciya ya fi ciwon da ya kwantar da shi wuyar magani. A duba wuraren nan kullum lokacin wanka, in an ga ja da ba ya washewa to ya fara. Shimfiɗa a bushe, a tayar da shi zaune kafin a ba shi kunu don kar ya shaƙe, a riƙa ba shi ruwa ko bai nema ba musamman watan Afrilu da Mayu, tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro. Wanda kuma yake ɗan takawa, bayi ne abin tsoro. A sa ƙarfen riƙewa a bango, a huda kujera a ɗora kan masai, a bar fitila mai caji a hanya. Karayar ƙugu a wannan shekarun ba kowa ke tashi daga ita ba.

To a gina gidan tsofaffi mana kamar na Turawa?

Ni dai ban ga shi a matsayin mafita ba, kuma ba don kunya kawai ba. Tsada gare shi, ma'aikata dare da rana yake so, kuma tsohon da aka raba da masallacinsa da majalisarsa da jikokinsa saurin karyewa yake. Su kansu masu shi yanzu ƙoƙari suke tsoho ya zauna gidansa a riƙa zuwa ana duba shi. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa zagayawa gida gida, a koya wa masu jinya aikin, matasan da suka gama makarantun koyon aikin lafiya suke zaune a ɗauke su.

Amma fa kar mu yi ƙarya, akwai waɗanda ba su da kowa. Wadda ba ta haihu ba mijin ya rasu, wanda 'ya'yan suka riga shi, ga su nan bakin masallatan Juma'a da tasha suna bara. Su kam suna buƙatar ɗaki da abinci da mai dubawa, ko me za a kira wurin.

Gwamnati tana da wata doka a kan tsofaffi kuwa?

Tana da. Tsarin mulki sashe na 16 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho cikin manufofin ƙasa, sai dai wannan babin ba a kai gwamnati kotu a kansa. Marigayi Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu kan dokar cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a farkon 2018, a 2021 aka naɗa mata shugabanni aka kuma amince da manufar ƙasa kan tsufa. Ana bikin ranar tsofaffi ta duniya duk 1 ga Oktoba. Abin da babu shi ne alawus na dindindin da kowane tsoho zai ce haƙƙinsa ne.

Zai yiwu a biya kowane tsoho wani abu duk wata? Ina kuɗin?

An yi a wuraren da ba su fi mu arziki ba. Lesotho tun 2004 take biyan masu 70 zuwa sama, Kenya ta fara nata na masu 70 a 2018, Afirka ta Kudu daga 60 take biya ga marasa ƙarfi. A nan gida Ekiti ta fara ba masu 65 naira 5,000 a wata a 2011, Jigawa maƙwabciyarmu ta fara ba naƙasassu 7,000 zamanin Sule Lamido. Matsalar irin na jihohi ita ce in gwamna ya tafi shirin yakan bi shi, ko kuɗin ya tsaya cak kaya na tashi.

Lissafin a wajenmu yanzu ne yake da sauƙi, saboda masu 70 zuwa sama kaɗan ne ƙwarai. A fara da su, a sa a doka da layinsa a kasafi, a ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi don ya riƙa motsi, a biya kowa ba sai an zaɓa ba, don da zarar an ce "a kawo sunaye" kun san sunayen wa za a kawo. Japan, inda masu 65 zuwa sama suka kusa kashi 30, sai a shekarar 2000 ta kafa inshorar jinyar tsufa da kowa ke fara biya daga shekara 40, Jamus ta yi nata a 1995. Faransa da ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023 kowa ya ga zanga-zangar da aka sha. Su masu aiki ne suka yi musu kaɗan. Mu masu ƙarfin aikin sun yi yawa, aikin da za a cire wani abu daga cikinsa ne babu, don haka maganar tsofaffi da maganar aikin yi ga matasa a wajena abu ɗaya ne.

Zakka da waƙafi fa?

Tsoho fakiri yana cikin kaso na farko na mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa. Sai dai zakkarka ba ta zuwa ga iyayenka, ciyar da su wajibinka ne daban. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali, to ka ga abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Gyaran da nake so, maimakon layi a ƙofar gidan Alhaji rana ɗaya a raba 'yan dubu dubu, kwamitin masallaci da mai unguwa su rubuta tsofaffin unguwa marasa gata, a riƙa sayen maganinsu wata wata. Shago ɗaya na waƙafi kuɗin hayarsa zai riƙe maganin hawan jinin mutane da dama.

Tsofaffin da rashin tsaro ya koro fa?

Su suka fi shiga uku. Daga Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, in an gudu tsoho ne ke baya, wani ya ce shi ba inda za shi. Wanda ya iso gari ya rasa gona, ya rasa dabbobin da su ne ajiyarsa, yana raɓe a kango ko gidan ɗan'uwa. In ana rabon tallafi a fili ba ya iya turereniya. Masu rabo su ware nasu su kai musu har inda suke.

Katin ATM ɗin Baba yana hannun ƙanina, kuma kuɗin ba sa kai wata. Me za mu yi?

Wannan ya yi yawa yanzu, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da aka tura kowa POS, tsoho ya miƙa kati ya faɗi lambar sirri da ƙarfi a gaban kowa. Ku kai Baba banki da kansa in yana iya zuwa, a ciro bayanin asusun na wata shida, a canza lambar, a mayar da alat kan layin da mutum biyu ke gani. Kar a fara da zargi, a fara da takardar, ita za ta yi magana. Daga nan mai riƙe kati daban, mai ganin alat daban, kuma duk abin da aka ciro a damƙa wa Baba a hannunsa ya ƙirga, shi zai ce a sayo kaza. Ku gaya masa kuma duk wanda ya kira ya ce daga banki ne ko ofishin fansho yana neman BVN ko lambar da aka turo, ya kashe wayar ya kira ɗayanku. In yana da asusun fansho, ku duba sunan magajin da aka rubuta tun yana da lafiyar zuwa ya gyara, da yawa sunan wanda ya riga ya rasu ne a wurin.